Kwaikwayon 1972 Ba Gado Ba Ne

Duk wanda ya ɗan zauna da masoya kiɗan nan na Turawa da ake kira progressive rock, ko prog a taƙaice, ya san hukuncin da suka yanke tun tuni. A wurinsu kiɗan ya kai ƙololuwarsa tsakanin 1969 da 1974, a Ingila, a hannun ƙungiyoyi shida: King Crimson, Yes, Genesis, Jethro Tull, Pink Floyd da Emerson, Lake & Palmer. Duk ƙungiyar da ta zo daga baya, da waɗannan ake auna ta. In waƙarta ta kai minti ashirin, aka ji kukan mellotron a ciki, bangon faifan kuma na ɗauke da zanen wata duniyar mafarki, sai a sa mata albarka a ce kyan ɗa ya gaji ubansa. In kuwa ta zo da abin da kunne bai saba da shi ba, sai a yamutsa fuska a ce ai wannan ba prog ba ne. Ni a ganina an ɗauki maganar a baibai. Waɗanda ake sa wa albarkar su ne suka fi kowa nisa da iyayen, waɗanda ake kora daga gidan kuma su ne magada.

Sai mun duba abin da iyayen suka yi kafin mu san abin da ake gado. Waƙar rok ta wancan zamani gajeriya ce, minti uku, baiti da amshi, bugu huɗu-huɗu, an yanka ta daidai da buƙatar gidan rediyo. A watan Oktoba na 1969 King Crimson suka fitar da faifan In the Court of the Crimson King, waƙar farko a cikinsa murya ce da aka murɗe ta da na'ura har ta zama abin tsoro, ga ƙahon saksofon na 'yan jaz yana rige-rige da jita. A 1972 kaɗai Yes suka yi Close to the Edge mai minti goma sha takwas, Genesis suka yi Supper's Ready mai kusan minti ashirin da uku, wadda a wani sashenta ake ƙirga bugu tara maimakon huɗu, Jethro Tull kuma suka mayar da faifai sukutum waƙa guda, Thick as a Brick. Abin dariya, Ian Anderson na Jethro Tull ya sha faɗa cewa shaguɓe ya yi wa masu dogon buri da wannan faifan, amma yau har da shi ake rantsuwa. Tsawon nan ma yana da dalili. Gefe ɗaya na faifan garmaho minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, su kuma samari ne masu son ganin iyakar abin da ke hannunsu. Robert Fripp na King Crimson yana da shekara 23 lokacin da faifan King Crimson na farko ya fito, Peter Gabriel na Genesis yana da 22 lokacin Supper's Ready.

Haka zancen kayan kiɗan yake. Mellotron ɗin da ake yi wa kallon abu mai tsarki a yau, akwati ne mai nauyin tsiya, kowane maɓalli a jikinsa na jan zaren kaset da aka naɗi goge ko sarewa ko muryoyin mawaƙa a kai, bayan kamar daƙiƙa takwas zaren ya ƙare sai ka ɗaga yatsa. Ga saurin kaucewa daga murya da zarar wuta ta yi wasa. Sun rungume shi ne don ba su da halin yawo da makaɗa arba'in daga gari zuwa gari. Na'urar Moog kuwa sabuwa ce fil a lokacin, ba wanda ya gama sanin abin da za ta iya. Mutanen nan sabon kayan da ya shigo kasuwa suke wawura, su haɗa shi da jaz, da kiɗan coci, da kiɗan gargajiyar Turai, su jira su ga me zai fito, ko da kunya za su sha.

To, a kwatanta wannan da ƙungiyoyin da ake kira magada. Wobbler ta ƙasar Norwe ta yi suna wajen neman tsofaffin na'urori na asali, don sautinta ya fito tamkar an naɗe shi shekara hamsin da suka wuce. The Flower Kings ta Suwidin, wadda Roine Stolt ya kafa a 1994, ta shafe shekaru tana jera dogayen faifai cikin salon Yes. Transatlantic, haɗakar manyan makaɗa daga Spock's Beard, Dream Theater, Marillion da The Flower Kings, ta fitar da The Whirlwind a 2009, waƙa guda mai minti saba'in da bakwai. Me ya sa saba'in da bakwai? Faifan CD kusan minti tamanin yake ci, shi ke nan. Ba na musun ƙwarewarsu. From Silence to Somewhere na Wobbler, na 2017, faifai ne mai daɗin ji, duk wanda ya ce ba haka ba son zuciya ne. Sai dai tun kafin ka saka shi ka san inda sarewa za ta shigo, ka san inda kiɗa zai lafa, ka san inda zai sake tashi ya rufe da ɗaukaka. Wanda ya sayi faifan King Crimson a 1969 bai san abin da zai same shi bayan minti ɗaya ba. Wannan rashin sanin shi ne dukiyar da aka bari, kuma ita ce masu kwaikwayon suka tsallake, suka ɗauki rigar mamaci suna ta goge ta suna ninkewa.

Akwai kuɗi a ciki, shi ya sa ra'ayin ya yi ƙarfi. Samarin 1972 yanzu dattawa ne masu abin hannu. Su ne ke sayen manyan akwatunan tsofaffin faifai da ake sake tacewa ana sayarwa da tsada, su ne ke cika jirgin ruwan shaƙatawa na Cruise to the Edge da aka fara a 2013, inda ake kwana ana tashi da kiɗan ƙuruciyarsu. Ƙungiyar Yes na nan tana yawon wasa, alhali tun rasuwar makaɗinta Chris Squire a 2015 babu ko mutum ɗaya a cikinta daga waɗanda suka kafa ta a 1968. Ban ga laifin dattijo don ya so abin da ya tashi da shi ba. Laifin yana farawa ne ranar da ya mayar da begensa doka, ya ce kowa sai ya bi. Steven Wilson ya ɗanɗana wannan. Shi ne mutumin da King Crimson da Yes da Jethro Tull suka damƙa wa tsofaffin faifansu ya sake tace sautinsu, ya kuma yi The Raven That Refused to Sing a 2013, masoya suka ɗaga shi sama. Da ya saka wata gajeriyar waƙar rawa mai suna Permanating a faifansa na 2017, sai wasunsu suka yi masa ca kamar ya yi ridda.

Abin mamaki, iyayen da kansu ba su zauna gadin 1972 ba. Bill Bruford ya bar Yes da gama naɗar Close to the Edge, a daidai lokacin da kuɗi suka fara shigowa, ya koma King Crimson, daga baya ya kafa ƙungiyar jaz. Fripp ya rushe King Crimson a 1974, da ya dawo da ita a 1981 da faifan Discipline kuwa sai ga jita biyu suna saƙa da juna irin ta kiɗan gamelan na Indunusiya, babu mellotron ko na magani. Peter Gabriel ya bar Genesis a 1975, a faifansa na 1980 ya hana makaɗan ganga taɓa farantan ƙarfe gaba ɗaya, ya rufe faifan da waƙar makokin Steve Biko, wanda ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977. Da ma'aunin masoyan yau za a bi, da duk an kore su. Tatsuniyar da ake yi cewa 'yan punk sun kashe prog a 1977 ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A shekarar Yes suka hau saman jadawalin faifai na Birtaniya da Going for the One, kuma Johnny Rotten, mawaƙin punk ɗin nan wanda ya yi suna da rigar nuna ƙin Pink Floyd, a wani shirin rediyo na shekarar ya zaɓi waƙoƙin Peter Hammill na Van der Graaf Generator cikin waɗanda yake so.

Mai neman magada na gaskiya ya fara da ƙungiyar black midi. Yaran Landan ne da suka haɗu a makarantar BRIT School, suka goge a wani ɗan ƙaramin gidan wasa na unguwar Brixton mai suna Windmill, suka fitar da Schlagenheim a 2019 suna 'yan shekara ashirin ko ƙasa. Mai gangarsu, Morgan Simpson, a coci ya fara kiɗa tun yana yaro. Faifansu na uku, Hellfire na 2022, bai cika minti arba'in ba, amma a cikinsa za ka ji kiɗan gidan wasan kwaikwayo, da na kaboyi, da flamenko na Sifen, da hargitsin jaz, mawaƙinsu Geordie Greep kuma na zubo labarin 'yan dambe da sojoji da masu kisa da saurin mai gwanjo. Wani wurin abin ya kama, wani wurin ya zube, kuma ba su damu ba. Sun taɓa rera waƙar farko ta faifan King Crimson na 1969, alamar sun san gidan da suka fito. A 2024 suka watse, Greep ya tafi Sao Paulo ta Burazil ya naɗi wani ɓangare na faifansa The New Sound da makaɗan can. Faifai uku, sai kowa ya kama gabansa kafin abin ya zama sana'ar maimaici. Fripp na 1974 zai gane wannan halin.

Ga King Gizzard & the Lizard Wizard na Melbon a Ostireliya, waɗanda suka fitar da faifai biyar a 2017 kaɗai. A na farkon biyar ɗin, Flying Microtonal Banana, sun sa an ƙara wa jitocinsu matakai don su samu muryoyin da ke tsakanin muryoyin kiɗan Turai, irin na molon baglama na Turkiyya. Na huɗu, Polygondwanaland, kyauta suka sake shi, suka ce duk mai so ya buga ya sayar. Ga The Mars Volta, waɗanda jagororinsu suka taso a El Paso ta Amurka, suka cusa kiɗan salsa da zafin punk cikin De-Loused in the Comatorium tun 2003. Ga Animals as Leaders ta Tosin Abasi, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Washintan, mai jita mai tsirkiya takwas, wanda yake dukan tsirkiyar da babban yatsa irin na masu jitar bes, babu mawaƙi a ƙungiyar sam.

Sunan Abasi ya tuna mini wani ɓangare na wannan ra'ayi da ba a cika son faɗa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi na Turai ne zalla: in ka aro daga Bach ko Mussorgsky ka yi zurfi, in ka aro daga wani wuri ka zama "kiɗan duniya". Osibisa, ƙungiyar 'yan Gana da Najeriya da Karibiyan da Teddy Osei ya jagoranta a Landan daga 1969, tana haɗa highlife da jaz da rok cikin dogayen kiɗa a daidai shekarun da ake taƙama da su. Roger Dean, mai zanen da ake ganin hannunsa shi ne tambarin prog, ya zana giwaye masu fukafukai a bangon faifan Osibisa na 1971 kafin Yes su neme shi. Duk da haka, sau nawa ka ji an ambaci Osibisa in ana lissafin iyaye?

Za a ce mini, in haka ne ai kowane kiɗa mai wuya ya zama prog, sunan ya tashi a banza. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman da yake wasu da nake yabo ba sa son sunan. Haka ma 'yan ƙungiyar Radiohead sun yi ta gudunsa tun zamanin OK Computer na 1997. Amma wuya ba ita ce ma'aunina ba, kuma a nan ne zan saɓa da matasan ma. Tun da Dream Theater suka fitar da Images and Words a 1992, sannan Meshuggah ta Suwidin ta koya wa duniya karya bugu da jita mai kauri, aka samu rundunar samari da suka mayar da kiɗa gasar lissafi. Kowa na nuna saurin yatsa a YouTube, kowa na alfahari da bugu goma sha uku ko goma sha bakwai, sautin jitarsu iri ɗaya, kwamfuta ta daidaita kowane bugu har ba ka jin numfashin ɗan Adam. Waɗannan ma masu kwaikwayo ne, shekarar da suke kwaikwayo ce kawai ta bambanta. Money ta Pink Floyd bugu bakwai ce, miliyoyin mutane sun yi ta bin ta ba tare da sun ƙirga ba, don an yi bakwai ɗin ne saboda waƙar, ba a yi waƙar saboda bakwai ɗin ba. Tambayar da nake yi wa kowace ƙungiya, tsohuwa ko sabuwa, ita ce: akwai abin da kuka sa a faifan nan wanda ku kanku ba ku tabbata zai yi ba, wanda zai iya kore muku masoya? Wobbler ba za su iya amsa e ba. Yawancin masu tseren yatsa ma haka.

Saboda haka mujallu irin su Prog, da ke fitowa a Birtaniya tun 2009, da masu shirya bukukuwan kiɗan, su rage cika bango da dandamali da fuskokin 'yan shekara saba'in da masu kwaikwayonsu, su ba yaran da ke ɓata wa dattawa rai wuri a gaba. Kai kuma mai karatu, in kana da awa ɗaya da 'yar data, saurari Discipline, ka bi shi da Hellfire, sannan ka yanke naka hukuncin.