SHARHI: Garin da ke bikin karrama ma'aikatan jirgin ƙasa, a ƙasar da ta hana su yajin aiki

A ƙarshen watan Yuni, garin Galesburg da ke jihar Illinois ta Amurka yakan cika ya batse. Mazauna garin ba su wuce mutum 30,000 da 'yan kai ba, amma baƙi kan zo daga nesa domin halartar bikin Railroad Days, wato Ranakun Jirgin Ƙasa, wanda ake yi tun shekarun 1970. Akan kafa rumfunan abinci da lilon yara a tsakiyar gari, masu tara ƙananan jiragen wasa su baje kolinsu, a kuma kwashi baƙi a motocin bas a zagaya da su makeken filin da kamfanin BNSF ke rarraba taragun kaya. A gefen tasha akwai gidan tarihi, inda aka girke wani tsohon kan jirgi mai aiki da kwal, mai lamba 3006.

Bikin na tunawa da tarihi ne, da kuma jinjina wa mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan layin dogo. Sai dai abin da ya faru da waɗannan ma'aikata a 'yan shekarun nan ya sa tambayar ta zama dole: me jinjinar ta tsinana wa wanda har yanzu yake bakin aiki?

Garin da dogo ya raya

An kafa Galesburg a 1837, jirgi kuma ya iso a 1854. Wanda ya san yadda mahaɗar layuka ta raya Kafanchan ko Zariya zai gane abin da ya biyo baya. Layukan kamfanin Chicago, Burlington and Quincy da na Santa Fe suka ratsa garin, aka gina wuraren gyaran jirage, baƙin haure daga Turai suka kwararo neman aiki. Ɗaya daga cikinsu shi ne August Sandburg, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi shekaru yana aikin ƙira a masana'antar kamfanin. Ɗansa Carl Sandburg, da aka haifa a garin a 1878, ya zama shahararren marubuci, har wani jirgin fasinja da ke tsayawa a Galesburg a yau yana ɗauke da sunansa.

Tun wancan zamani ba a rabu da takaddama ba. A watan Fabrairun 1888 direbobi da masu zuba kwal na kamfanin Burlington suka tsunduma yajin aiki a kan albashi. Kamfanin ya ɗauko wasu ya maye gurbinsu, yajin ya mutu, da yawa ba su ƙara komawa aikinsu ba.

Magajin waɗancan kamfanoni biyu shi ne BNSF, wanda aka samar bayan haɗewarsu a 1995, kuma tun 2010 yake hannun Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett. Matsayin kamfanin a garin ya ƙaru bayan 2004, shekarar da Maytag ya rufe masana'antar firji, ya mayar da aikin garin Reynosa na ƙasar Meksiko, mutum kusan 1,600 suka rasa abin yi. A jawabin da ya fito da shi duniya a babban taron jam'iyyar Democrat na wannan shekarar, Barack Obama ya ambaci waɗannan ma'aikata na Galesburg. Da masana'antu suka watse, dogo ya zama cikin 'yan wurare kaɗan da wanda bai je jami'a ba zai samu albashin riƙe iyali.

Riba na hawa, ma'aikata na raguwa

A 1920 ma'aikatan jiragen ƙasa a Amurka sun kai kusan miliyan biyu. Zuwan injinan dizal da manyan motocin dakon kaya ya rage su matuƙa, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne. Ragin baya-bayan nan shi ne na ganganci. Yawancin manyan kamfanonin sun rungumi wani salon aiki na tsuke bakin aljihu: a tsawaita jirgi, a rage yawan tafiye-tafiye, a rufe wasu filayen rarraba taragu, a sallami ma'aikata, domin masu hannun jari su ga riba ta ƙaru. A 2022 shugaban hukumar da ke sa ido kan harkar, wato STB, Martin Oberman, ya ce manyan kamfanonin sun rage ma'aikata kusan 45,000 cikin shekaru shida, kimanin kashi 29 cikin ɗari.

BNSF bai ayyana bin wannan salo a hukumance ba, amma ya fito da nasa matsin. A watan Fabrairun 2022 ya soma aiki da wani tsari mai suna Hi-Viz. Akan ba direba ko kwandasta maki 30, a riƙa zaftarewa duk ranar da aka kira shi bai samu zuwa ba. Idan makin ya ƙare sai horo, idan abin ya maimaitu sai kora. A farkon tsarin, sai mutum ya yi kwana 14 a jere yana shirye da amsa kira kafin a mayar masa da maki huɗu. Ma'aikacin jirgin kaya kuwa ba shi da tsayayyen lokacin aiki. Waya na iya tashinsa da tsakar dare. Ƙungiyoyi biyu masu wakiltar mutum kusan 17,000 sun yi yunƙurin yajin aiki, wani alƙalin tarayya a jihar Texas ya hana. Wannan ya zo ne bayan shekarar da kamfanin ya ci ribar kusan dala biliyan shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da majalisa ta raba gardama

A ƙarshen 2022 rikicin ya game ƙasa. Ƙungiyoyi 12 masu wakiltar ma'aikata kusan 115,000 sun shafe shekaru suna tattaunawa da kamfanoni. Gwamnatin Joe Biden ta shiga tsakani aka cimma matsaya: ƙarin albashi na kashi 24 cikin ɗari a tsawon shekaru biyar, da kyautar dala 5,000, da ƙarin hutun kwana ɗaya. Babu ko kwana ɗaya na hutun rashin lafiya mai albashi. Ƙungiyoyi huɗu, waɗanda su ke da fiye da rabin ma'aikatan, suka yi fatali da yarjejeniyar.

Dokar ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926 ta shimfiɗa matakai masu tsawo kafin a yi yajin aiki, majalisar ƙasa kuma tana da ikon tsoma baki. Ƙungiyar kamfanonin ta yi kiyasin cewa yajin zai jawo asarar dala biliyan biyu a kullum. Biden, wanda ke alfahari da kusancinsa da 'yan ƙwadago, ya nemi majalisa ta tilasta yarjejeniyar. Majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 80 da 15. Ƙudurin da zai ƙara hutun rashin lafiya na kwana bakwai ya samu ƙuri'a 52, alhali 60 ake buƙata, ya faɗi. Ranar 2 ga Disamba shugaban ya sa hannu.

Masu kare matakin suna da hujja. Jirgi ne ke kai sinadarin tace ruwan sha, da taki, da hatsi, da kwal na tashoshin lantarki, kuma tsayawarsa a lokacin tsadar rayuwa za ta fi cutar da talaka. Amma hujjar tana da kaifi biyu. Idan aikin ya kai muhimmancin da ba za a bari mai yin sa ya ajiye shi na kwana ɗaya ba, ai ya kai a ba shi damar ganin likita ba tare da fargabar kora ba. Kamfanin da ya san majalisa ba za ta bari a yi yaji ba, ba shi da dalilin sassautawa a teburin tattaunawa.

Wata biyu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairun 2023, jirgin kamfanin Norfolk Southern mai taragu kusan 150 ya kauce daga layi a ƙaramin garin East Palestine na jihar Ohio. Taragu 38 suka faɗi, aka kwashe mazauna, aka ƙona wani sinadari mai guba da wasu ke ɗauke da shi. Hukumar binciken haɗurra ta ɗora alhakin a kan wani ƙarfen ƙafar tarago da ya yi zafi ya lalace, ta kuma ce ƙona sinadarin bai zama dole ba. Sanatocin Ohio biyu na wancan lokaci, Sherrod Brown da J.D. Vance, sun gabatar da ƙudurin tsaurara dokokin kariya, amma ya maƙale a majalisa.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

Fafutukar ba ta tashi a banza ba. A cikin 2023, ƙarƙashin matsin lambar jama'a, kamfanonin sun yi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, har yawancin ma'aikatan suka samu 'yan kwanakin hutun rashin lafiya. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta kafa ƙa'idar cewa yawancin jirage sai da mutum biyu a ciki, kamfanoni suka garzaya kotu. A watan Yulin 2025 kuma Union Pacific ya bayyana shirin sayen Norfolk Southern a kan dala biliyan 85, cinikin da sai STB ta amince. Tarihin irin wannan haɗaka ya nuna cewa rufe filaye da rage ma'aikata kan biyo baya, kuma ƙananan garuruwa ne ke fara jin jiki.

Siyasar yankin ma ta sauya. Gundumar Knox, wadda Galesburg ce hedikwatarta, ta zaɓi Obama sau biyu, sannan ta koma wa Donald Trump a 2016, ta kuma ci gaba da zaɓensa. Dalilan suna da yawa, amma da wuya a cire ɓacin ran ma'aikatan da suka ga jam'iyyar da suka daɗe suna bi ta kasa tsare musu aiki. A ƙuri'ar Disamban 2022 kuwa, manyan jam'iyyun biyu tare suka tsaya wajen hana yajin, yawancin 'yan Republican kuma suka ƙi ƙudurin hutun.

Babu aibu a bikin Galesburg. Yana kawo ciniki, yana kuma koya wa yara daga ina garinsu ya fito. Haɗarin shi ne a mayar da ma'aikaci kayan tarihi, a tafa wa tsohon kan jirgi da ya daina motsi, a manta da kwandastan da ke ƙirga makinsa kafin ya kai ɗansa asibiti. Karramawar da za ta amfane shi tana cikin yarjejeniyar aiki, da ƙa'idar mutum biyu da aka kai gaban kotu, da sharuɗɗan da STB za ta gindaya wa duk wata haɗaka. A nan ne ya kamata mazauna garin su tambayi 'yan majalisarsu inda suka tsaya, kafin watan Yuni ya sake zagayowa.