Kafin mu ɗauki pampon feshi, mu duba masu gadin shinkafarmu



Yau maganarmu a gonakin shinkafa take, tun daga Tillaberi, Saga, Say har Gaya, bakin kogin Isa, inda ake noma sau biyu a shekara. Mun saba da wani hali: da mun ga ganye ya huje, sai kasuwa, a sayo piya-piya ko wani maganin da ba mu ma iya karanta takardarsa ba, a fesa. To, wa muke kashewa?

Ku shiga gona da sassafe ku duƙa. Ga mazari yana shawagi bisa ruwa yana cafke ƙananan ƙwari. Ga ƙoƙi-ƙoƙi ya laɓe jikin kara. Ga ƴar jar buzuzuwa mai ɗigo-ɗigo tana cin ƙwayayen tsutsa, ga gizo-gizo ya kafa tarkonsa. Ma'aikata ne da ba su neman ko dala, dare da rana suna aiki.

Magani bai san abokin manomi ba. Masu gadin nan a fili suke, su yake fara samu. Ita kuwa tsutsar da ke sa zangarniya ta yi fari ba ƙwaya, tana can cikin kara, feshin bai cika kai mata ba. Kuma maɓarnata sun fi saurin haihuwa, sai su dawo su tarar da gona ba mai tsaro. Mu kuma mu ƙara sayen magani. Kun ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ƙasar Indonesiya ta sha wannan. Feshi ya yi yawa, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan shinkafa ya bunƙasa, har a 1986 shugaba Suharto ya hana amfani da magani iri 57 a gonakin shinkafa. Daga nan aka koma koya wa manoma, cikin gona, su bambance mai ci da mai gadi. Masana na cibiyar IRRI a Filipin kuma sun nuna cewa ɓarnar ganye a kwana 40 na farko ba ta cika rage amfani ba, don shinkafa tana sake toho.

Mu ma nan gida mun ga irinta. A yankin Maradi, ma'aikatan INRAN sun yi ta rataya ƴan buhuna a gonakin hatsi, ƙananan zanzaro na fitowa suna kashe murzuna. In ta yi a gero, me zai hana mu yarda da ita a shinkafa?

Wani zai ce: "Ku kuna bayan makirufo, mu ke da bashin taki a wuya." Gaskiya ne wallahi. Ba mu ce a jefar da pampo ba. In ɓarna ta kai, a nemi malamin gona, a sayi maganin da aka yarda da shi. Abin da muke ƙi shi ne feshin tsoro, wanda ruwansa ke komawa kogin da muke sha, muke kamun kifi.

Kira gare ku shugabannin ƙungiyoyin manoma da ONAHA: a tsai da magana ɗaya, don in kai ka bari maƙwabcinka ya fesa, masu gadinka ma sun tafi. A riƙa zagaya gona kowane mako, a ƙirga, sannan a yanke shawara.

Allah ya ba mu girbi mai albarka. Manoman shinkafa, me kuka gani a naku gonakin?