Araha Ba Ta Ado A Wasan Harbin Faifai

Harbin faifan yumɓu tsohon wasa ne, don tun wasannin Olamfik na birnin Paris a 1900 ake yin sa, kuma mutumin Kuwaiti, Fehaid Al-Deehani, ya ci lambar zinariya a cikinsa a 2016. Na'ura ce ke cilla faifai mai faɗin milimita 110 sama, maharbi ya farfasa shi kafin ya faɗi. Wanda ya yi sha'awar shiga, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tsadar bindiga.

To, a ganinmu yawancin sababbin shiga suna yin lissafin a baibai. Mafarauci yana iya wuni a daji bai yi harbi biyar ba, saboda haka bindiga marar nauyi ta ishe shi. Mai harbin faifai kuwa faifai 25 yake fuskanta a zagaye guda, a zagayen share fage na Olamfik ma 125 ne. Bindigar farauta mai araha ba a ƙera ta don wannan wahala ba. Ba ta daɗewa sai gaɓarta ta saki, ga shi kuma rashin nauyi yana sa ta naushi kafaɗa har mutum ya riƙa ƙifta ido kafin ya ja kunama. Cikin 'yan shekaru kuɗin harsashi yakan zarce na bindigar, watau abin da aka rage wajen saye bai taka kara ya karya ba.

Ba muna cewa sai an sayi Perazzi ko Krieghoff ba; waɗannan na zakaru ne da masu hannu da shuni. Ma'aikaci mai jiran albashi gara ya nemi kwancen Beretta ko Miroku mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, lamba 12, mai nauyin kilo 3 da rabi ko fiye, ya sa maƙerin bindiga ya duba ta. In sabuwa yake so, kamfanonin Turkiyya irin su Yildiz da Huglu suna da masu sauƙin kuɗi, amma fa a zaɓi ta wasa. Zanen da ke jikin ƙarfe ba ya fasa faifai. Abin lura shi ne gindinta ya zauna daidai a kafaɗa da kunci, ido ya miƙe bisa bakin.

A Nijeriya kuma, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga sai da lasisin 'yan sanda, don haka takarda ake fara nema kafin a shiga ciniki.