Wanda Ya Koyi Waƙar Baƙi Ya Yar Da Tasa Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Da an ji wani yana koyon waƙar Turawa irin ta dā, wadda a ke karanta muryarta a takarda, sai a ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗansu kuwa su ce ai waƙar gida ba ta kamaci mai ilmi ba. Ni a ganina duka biyu sun kauce. Shaidata kuwa wata mace ce baƙar fata ta ƙasar Amurka, sunanta Marian Anderson.

An haife ta a birnin Filadelfiya cikin 1897, ta fara waƙa a majami'arsu tana shekara shida. Da ta girma ta je wata makarantar waƙa neman shiga, aka sallame ta saboda launin fatarta, ba a ko saurari muryarta ba. Sai mutanen majami'ar suka yi karo-karo suka biya mata malami. Ta koyi sarrafa numfashi, ta koyi waƙa da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci. Cikin 1925 ta shiga gasa da mutum wajen 300 a birnin Niyok, ta yi ta ɗaya. Cikin 1935 kuma, a ƙasar Ostiriya, Toscanini, babban shugaban makaɗa, ya ji ta, ya ce irin wannan murya sai a yi shekara ɗari kafin a sāke jin ta.

To, ga abin lura. Duk da wannan ɗaukaka, ta saba rufe taronta da waƙoƙin da kakanninta suka yi cikin bauta. Ba ta ɗauke su abin kunya ba, ta jera su kafaɗa da kafaɗa da na Schubert, ta ba su gyara iri ɗaya.

Cikin 1939 wata ƙungiyar matan Turawa ta hana ta waƙa a babban zaurenta na birnin Washinton. Uwargidan Shugaba Roosevelt ta fita daga ƙungiyar saboda haka. Ran 9 ga Afrilu Marian ta tsaya a fili, gaban gunkin tunawa da Lincoln, mutum wajen 75,000 suka taru, ban da masu ji ta rediyo. Nan ma da waƙoƙin bayi ta ƙare.

A littafin rayuwarta na 1956 ta nuna ba ta so wannan hayaniya ba. Ba ta ɗauki kanta mayaƙiya ba, mawaƙiya ce kurum. Amma ta ga ba ta da ikon gudu, gama ta zama tutar mutanenta ko ta so ko ta ƙi.

Na san abin da za a ce. Za a ce haƙurinta ya yi yawa, da ta buɗe baki ta yi faɗa da an ji. Gaskiya ne, ta jima tana waƙa a zauren da a ke ware baƙi da farare kafin ta ƙi yarda. Gaskiya ne kuma, sai 1955 babban gidan opera na Niyok, watau gidan wasan kwaikwayo na waƙa, ya buɗe mata ƙofa, tana shekara 57, ƙarfin muryar ya fara raguwa. An ci zalinta, babu musu, kuma ba muryarta kaɗai ta gyara al'amarin ba, sai da masu faɗa suka yi nasu. Amma da ba ta iya sana'arta sarai ba, wa zai fito cikin sanyi domin ya ji ta? Gwanintar ita ce ta kunyata masu hana ta. Ta rasu cikin 1993, ta ga matasa baƙar fata sun bi ta ƙofar nan.

Mu da za mu riƙe aji gobe, abu biyu ya kamata mu ɗauka. Na fari, waƙa sana'a ce mai bukatar koyo da horo kamar lissafi, kada mu ce wa yaro mai murya ya daina shashanci. Na biyu, in mun koya masa waƙar wata ƙasa, mu tambaye shi wadda kakarsa ke yi wajen daka, mu sa ya rera ta gaban aji da kyau. Yaron da malaminsa ya girmama waƙar gidansu ba zai ji tsoron ta baƙi ba, ba kuwa zai raina tasa ba.