Waiwaye: Gidan Ƙasa na Glaumbær

A arewacin ƙasar Aisland, a yankin Skagafjörður, akwai wani tsohon gidan gona da ake kira Glaumbær. Wanda ya hango shi ta baya zai ɗauka 'yan tuddai ne ciyawa ta lulluɓe. Sai ya zagayo ta gaba zai ga fuskokin katako da ƙananan tagogi.

Itace ya yi ƙaranci a ƙasar, sanyi kuwa ba a magana. Sai magina suka koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Su yanko ƙasar fadama haɗe da saiwoyin ciyawarta, su shanya, su jera ta a karkace kamar ƙayar kifi har bango ya yi kauri. Ɗakuna 13 ne a gidan, kowanne da rufinsa, kuma wani lungu mai tsawon kusan mita 20 ya haɗa yawancinsu, don kada mutum ya fita cikin ƙanƙara in zai je madafi.

Ɗakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda suke kira baðstofa. Nan ake kwana, nan ake cin abinci, nan ake kaɗin ulu, sau da yawa mutum biyu a gado ɗaya. Gadajen mata na gefen taga, saboda ɗinki da kaɗi na son haske. Kowa da akushinsa na katako mai murfi.

Ba a rana ɗaya aka gina gidan ba. Ɓangaren da ya fi tsufa na tsakiyar ƙarni na 18 ne, na baya-bayan nan kuwa an yi su tsakanin 1876 da 1879. In wani ɗaki ya gaji a sake gina shi, sauran na tsaye. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa, ya ga ana yaɓe kafin damina, ya san wannan hikimar, kuma raina yana ɓaci in na ga namu na zubewa don kawai an daina taɓa su.

Lokacin da siminti ya shigo, mutane suka riƙa barin irin waɗannan gidaje. A 1938 wani Bature ɗan Ingila, Mark Watson, ya ba da fam 200 don a gyara Glaumbær. Mazauna na ƙarshe sun tashi a 1947, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1952. Har yau, in bango ya fara zaizayewa, masu sana'ar sukan shiga fadama su yanko sabuwar ƙasa su toshe.