Gudu da tsaro: Darasin da kuskuren OpenSSL ya bari

Duk lokacin da mutum ya tura kuɗi ta manhajar banki ko ya buɗe shafin intanet mai alamar kwaɗo, akwai lissafin ɓoye bayanai da ke gudana a bayan fage. Kaso mai yawa na wannan aiki ya dogara ne ga OpenSSL, rumbun manhaja na kyauta da aka kafa a 1998.

Domin lissafin ya yi sauri, masana kan rubuta sassa mafi nauyi da harshen asembili, wanda ke magana kai tsaye da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dalilin bai tsaya ga gudu ba. A 2005, masanin lissafi Daniel Bernstein ya nuna cewa ana iya gano mabuɗin sirri na tsarin AES ta hanyar auna lokacin da kwamfuta ke ɗauka tana lissafi. Umarnin AES-NI, wanda Intel ya sanya cikin na'urorinsa daga 2010, ya toshe wannan kafa, ya kuma rage lokacin aiki da cin lantarki.

Sai dai gaggawa na da nata farashi. A watan Yunin 2022 aka fitar da OpenSSL 3.0.4, ba da jimawa ba aka gano kuskure a ɓangaren da ke hanzarta lissafin RSA a kan na'urori masu umarnin AVX-512. Kuskuren na lalata ma'ajiyar bayanai, abin da ka iya bai wa maharin nesa damar kutse. An gyara shi a sigar 3.0.5 ranar 5 ga Yuli.

Matsalar ita ce kowane sabon samfurin na'ura kan buƙaci tasa hanyar lissafi, alhali masu iya bitar irin wannan rubutu ƙalilan ne, kuma gwajin da aka yi a kan wata na'ura ba lallai ya bi hanyar da kuskuren yake ba.

Wannan ya sa kamfanoni irin su Amazon suka koma ga tabbatar da ingancin rubutun asembili da hujjar lissafi, kamar a aikinsu na s2n-bignum. Ga bankuna da hukumomi kuwa, wajibi ne su san sigar da na'urorinsu ke amfani da ita, su kuma sanya gyara da zarar an fitar da shi.