A Tambayi Isnadi Ko da Labarin Ya Yi Daɗi

An daɗe ana yaɗa wata ruwaya a littattafan Turai, wai da Amru ɗan Asi ya ci birnin Iskandariyya a wajen shekara ta 641 Miladiyya, sai ya aika wa Halifa Umar, Allah Ya yarda da shi, yana neman hukunci a kan littattafan da ya tarar a babbar ma'ajiyar birnin, Halifa kuwa ya amsa da cewa in sun dace da Littafin Allah babu bukatarsu, in sun saɓa masa babu alheri a cikinsu, saboda haka a ƙone su. Har mai ruwayar ya ƙara gishiri, ya ce an rarraba su ga gidajen wankan birnin, aka yi wata shida ana hura wuta da su.

Duk ɗalibin ilmi da ya ji wannan magana, nan take zai nemi isnadi, kuma yana da gaskiya. Ibn Abdul-Hakam, wanda ya rasu a 871 bayan ya wallafa tarihin buɗe Masar dalla-dalla, bai ambace ta ba. Haka Yohanna na Nikiyu, ɗaya daga manyan limaman Kiristocin Ƙibɗawa, wanda ya rayu a ƙarnin da aka yi yaƙin kuma ba shi da wani dalili na rufa wa Larabawa asiri. Ba ta bayyana ba sai a ƙarni na 13, kusan shekara ɗari shida bayan aukuwar al'amarin, a alƙalamin Abdul-Laɗif al-Bagadadi da Ibn al-Ƙifɗi, waɗanda, abin lura, Musulmi ne su biyun, daga baya Turawa suka tsince ta a wata fassarar Latin ta 1663. Wani abin dariya ma shi ne, malamin da ruwayar ta ce ya roƙi Amru littattafan, Yahaya an-Nahwi, ya riga mu gidan gaskiya shekaru masu yawa kafin Amru ya taka ƙasar Masar. Matani da isnadi duk sun faɗi.

To, madalla. Abin da nake tuhumarmu da shi kuwa shi ne, wannan mizani na jarhi da ta'adili da muka gada daga malaman hadisi, ba ma ɗauko shi sai ranar da labari ya sosa mana rai. In ya zo da yabo, sai mu buɗe masa ƙofa ba sallama.

Ga Mansa Musa, Sarkin Mali. Yau ko yaron makaranta zai gaya maka cewa shi ne mafi arziki a tarihin 'yan Adam, dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, alhali wannan adadi bai fito daga wani daftari na baitulmalin Mali ba, ƙiyasi ne da wasu masu jera sunayen attajirai suka fitar a 2012, kuma babu wanda ya taɓa ƙidaya zinariyar mutumin balle ya auna ta da kuɗin Amurka. Abin da ya tabbata ya ishe mu alfahari: ya yi aikin hajji a 1324, ya ratsa Alƙahira, kuma al-Umari, wanda ya shiga birnin bayan shekara goma sha biyu ya zanta da jami'in da aka ɗora wa tarbar baƙon, ya rubuta cewa miskalin zinariya da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya sauko zuwa 22 saboda yawan kyautar sarkin. Wannan ruwaya ce mai suna da wuri da adadi, ana iya bin diddiginta, ana iya jayayya da ita.

Marubutan da suka adana mana labarin kyautarsa, su ne kuma suka adana cewa da ya komo daga Makka guzuri ya ƙare masa, har ya ci bashi a hannun fataken Alƙahira kafin ya kama hanyar gida. Wannan ɓangare dai ban cika jin masu biliyan 400 suna karanta wa jama'a shi ba.